TARIHIN MARIGAYI SANATA JOSEPH TARKA, JAGORAN ƘANANAN ƘABILUN AREWA

A ranar 30 ga watan Maris, 1980, labari ya iso Ikko daga birnin Landan cewa Sanata Joseph Sarwuan Tarka ya rasu bayan ya sha fama da rashin lafiya. Shekarunsa 47 ne kacal a duniya, kuma bai cika ko wata shida ba a kujerarsa ta Majalisar Dattijai, inda yake wakiltar Jihar Binuwai. Amma duk da ƙarancin shekarun nan, mutumin ya yi shekara ashirin da biyar cur ana damawa da shi a siyasar ƙasar nan. Ya yi zaman hamayya, ya tsaya gaban alƙali bisa tuhumar cin amanar ƙasa, ya yi Kwamishinan Tarayya, ya sauka daga muƙami saboda zargi, daga baya kuma ya dawo ya zauna inuwa ɗaya da mutanen da ya yi ƙuruciyarsa yana adawa da su.

Duk wanda yake so ya san yadda aka yi tsohuwar Jihar Arewa ta rabu ta zama jihohi da dama, to, lalle ne ya san tarihin wannan mutum.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Joseph Tarka ranar 10 ga watan Yuli, 1932, a garin Igbor cikin ƙasar Tibi, Lardin Binuwai. Mahaifinsa malamin makaranta ne, wanda daga baya ya zama hakimi a yankin Mbakor. Saboda haka yaron ya tashi a gidan da aka san darajar karatun boko, aka kuma san yadda mulkin En'e yake tafiya. Ya yi makarantar elemantare a Gboko, ya wuce Midil ta Katsina-Ala, sa'an nan ya tafi Bauci ya sami horo a makarantar koyar da malamai kimiyyar noman karkara. Da ya gama sai ya kama aikin koyarwa.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya fahimci irin zaman mutanen Tibi. Su dai manoma ne na ƙwarai, masu noman doya da riɗi da waken soya, kuma suna cikin ƙabilun da suka fi yawan jama'a a Arewa in an ɗebe Hausa da Fulani da Barebari. Kafin zuwan Turawa ba su da wani babban sarki guda wanda kowa yake bi. Dattawan kowace zuriya su ne suke zama su yanke shawara, su sasanta rigima, su raba gona. Jihadin Shehu Usmanu bai ci ƙasarsu ba. Da Turawa suka zo da tsarinsu na mulki ta hannun sarakuna, sai suka yi ta naɗa hakimai da dagatai a kan mutanen da ba su saba da haka ba. Sarautar Tor Tiv kanta sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙirƙiro ta. Don haka tun da farko akwai tsamin dangantaka tsakanin talakan Tibi da hukumar En'e, kuma a kan wannan tsami ne siyasar Tarka ta sami gindin zama.

SHIGARSA SIYASA

A shekarar 1954 aka kawo sabon tsarin mulki wanda ya mai da Nijeriya tarayya mai jihohi uku, wato Arewa da Gabas da Yamma. Aka kafa Majalisar Wakilai a Ikko mai kujeru 184, Arewa ta sami rabi, wato 92. A lokacin ba kai tsaye ake zaɓe a Arewa ba, hawa-hawa ne: masu biyan haraji su zaɓi wakilan ƙauye, waɗannan su zaɓi na gunduma, har a kai ga wanda zai tafi majalisa. Ta wannan hanya ce matashin malamin makaranta, mai shekara 22, ya ci kujerar mazaɓar Jemgbar ya tafi Ikko.

A wannan zamani kuwa maganar ƙananan ƙabilun Arewa ta fara ƙarfi. 'Yan bokon lardunan Binuwai da Filato da Kabba da kudancin Zariya da wani sashe na Adamawa, waɗanda akasarinsu makarantun mishan suka yi, suna ganin cewa in Turawa suka tafi, mulkin Kaduna zai tabbata a hannun masarautu ne kawai. A shekarar 1955 ƙungiyoyinsu biyu suka haɗu suka zama jam'iyya ɗaya mai suna U.M.B.C., babbar buƙatarta kuwa ita ce a yanke musu jiha tasu a tsakiyar ƙasa. Amma jam'iyyar ba ta daɗe ba ta dare biyu. Wani ɓangare, ƙarƙashin Fasto David Lot, yana ganin gara a yi tafiya tare da N.P.C. a nemi gyara daga ciki. Ɗaya ɓangaren kuma ya ce sam, babu abin da zai fisshe su sai jiha.

A taron da aka yi a Lafiya cikin 1957, aka zaɓi Tarka shugaban jam'iyyar, yana ɗan shekara 24. A cikin shekarar ce ya tafi Landan taron gyaran tsarin mulki, a cikinta ne kuma U.M.B.C. ta ƙulla ƙawance da jam'iyyar A.G. ta Cif Obafemi Awolowo. Kowa da abin da yake nema a wannan ƙawance. Awolowo yana bukatar ƙuri'un Arewa in har zai zama Firayim Minista, kuma ya san muddin Arewa tana dunƙule ba zai kai labari ba. Shi kuwa Tarka yana bukatar kuɗi da motoci da lauyoyi, abubuwan da jam'iyyarsa ba ta da su.

HUJJAR KOWANE ƁANGARE

Adalci ne a faɗi hujjar kowa. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, da mutanensa na N.P.C. suna ganin cewa Arewa tana baya ƙwarai a ilmin zamani da aikin gwamnati, ba ta da wani makami da za ta kare kanta da shi a cikin tarayya sai yawan jama'arta da haɗin kanta. In aka raba ta, a ganinsu, kowane yanki zai zama ɗan amshin shatan jam'iyyun Kudu. Suna kuma nuna cewa akwai 'ya'yan ƙananan ƙabilu a cikin ministocin Kaduna da manyan ma'aikata, ba a hana kowa ba.

Su kuwa su Tarka kukansu shi ne, hanyoyi da asibitoci da makarantu ba sa isowa yankinsu gwargwadon harajin da suke biya, kuma ana amfani da 'yan doka da kotunan En'e ana musguna wa duk wanda ba ya bin jam'iyya mai mulki. Ana hana su izinin yin lacca, ana ƙara wa magoya bayansu haraji, ana ɗaure su a kan laifin da bai taka kara ya karya ba. Wannan kuka bai bambanta da wanda 'yan N.E.P.U. suke yi a Kano da Katsina da Zariya ba, sai dai a ƙasar Tibi an haɗa shi da maganar ƙabila da ta addini.

Gwamnatin Ingila ta naɗa hukumar bincike a 1957 ƙarƙashin Sir Henry Willink, don ta saurari tsoron da ƙananan ƙabilu suke da shi a duk faɗin ƙasar. Hukumar ta zagaya ta ji bahasi, ta fitar da rahotonta a 1958. Ta yarda cewa akwai tsoro, amma ba ta ba da shawarar a ƙirƙiro sababbin jihohi ba, sai ta ce a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin tsarin mulki. A taron Landan na wannan shekara kuma Turawa suka nuna cewa in aka nace sai an yi sababbin jihohi, to, sai an ɗaga ranar samun mulkin kai. Babu shugaban da ya yarda a ce shi ne ya jawo jinkiri. Haka aka bar maganar, Tarka ya dawo gida hannu rabbana.

ZAƁEN 1959 DA RIKICIN ƘASAR TIBI

Zaɓen tarayya na watan Disamba, 1959, shi ne na farko da mazajen Arewa suka jefa ƙuri'a kai tsaye, domin a lokacin ba a ba matan Arewa damar zaɓe ba tukuna. A wannan zaɓe ne Awolowo ya riƙa yawon neman ƙuri'a da jirgi mai saukar ungulu. Cikin kujeru 312, N.P.C. ta ci 134, N.C.N.C. da N.E.P.U. suka ci 89, A.G. da ƙawayenta suka ci 73, kuma 25 daga cikin waɗannan a Arewa aka samo su. A ƙasar Tibi kam U.M.B.C. ta yi kaca-kaca da N.P.C. Aka kafa gwamnatin haɗin gwiwa ƙarƙashin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Awolowo ya zama madugun 'yan hamayya, Tarka kuma ya zama mai magana da yawun hamayya kan ciniki da masana'antu.

To, ga inda gizo yake saƙa. Jama'ar Tibi sun zaɓi U.M.B.C., amma hakimai da dagatai da ma'aikatan En'e da suke mulkinsu suna tare da gwamnatin Kaduna. Ana cikin shirye-shiryen bikin samun mulkin kai a 1960 sai wuta ta tashi. Gungun matasa suka riƙa bin gidajen hakimai da masu karɓar haraji da magoya bayan N.P.C. suna cinna musu wuta. An ƙone dubban gidaje, an kama dubban mutane. Gwamnatin Arewa ta rushe majalisar En'e ta Tibi ta naɗa kantoma, ta kuma ɗora wa masu biyan haraji tarar jama'a don a biya diyyar ɓarna, wadda mai laifi da marar laifi duk sai da suka biya. Gwamnati ta ce 'yan U.M.B.C. ne suka zuga mutane. Su kuma suka ce zaluncin En'e ne ya kai mutane bango.

Ba a magance tushen abin ba, saboda haka a 1964 rikicin ya sake ɓarkewa, kuma ya fi na farko muni nesa ba kusa ba. A wannan karon ba ƙone-ƙone kawai aka yi ba, kisa aka yi. Ɗaruruwan mutane sun halaka, har da 'yan sanda. Da abin ya gagari 'yan sanda, sai Gwamnatin Tarayya ta tura soja a watan Nuwamba. Masu nazarin tarihi da yawa suna lissafa wannan a cikin abubuwan da suka fara jawo soja cikin harkar siyasar cikin gida. Ko da yake babu kotun da ta kama Tarka da laifin waɗannan tarzoma, ba za a ba da tarihinsa a tsallake su ba, domin da sunan jam'iyyarsa aka yi su, kuma talakawan Tibi na ɓangarorin biyu su ne suka kwana a ciki.

AL'AMARIN IBRAHIM IMAM

Akwai wani abu guda da Tarka ya yi wanda har yanzu ake ba da misali da shi. Alhaji Ibrahim Imam, Babarbare ne Musulmi daga Borno, wanda ya taɓa zama babban sakataren N.P.C. kafin ya fice a 1954 ya koma hamayya. Matsin da ya sha a Borno ya kai ga ba shi da halin cin zaɓe a gida. Da zaɓen Majalisar Dokokin Arewa na 1961 ya zo, sai Tarka ya kawo shi ƙasar Tibi ya tsayar da shi takara, mutanen Tibi kuwa suka zaɓe shi, ya koma Kaduna ya ci gaba da jagorancin 'yan hamayya. Kirista ya ɗauko Musulmi daga wata uwa duniya, ya ce wa mutanensa su ba shi ƙuri'a, suka kuwa ba shi. Wannan ya nuna irin ƙarfin da Tarka yake da shi a gida, ya kuma raunana zargin da ake yi masa cewa gabarsa da Musulmi ce.

SHARI'AR CIN AMANAR ƘASA

A shekarar 1962 jam'iyyar A.G. ta rabu tsakanin Awolowo da Firimiyan Yamma, Cif Samuel Ladoke Akintola. Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma a watan Mayu. Tarka ya tsaya a bayan Awolowo. Kafin shekarar ta ƙare aka gurfanar da Awolowo da wasu mutanensa, har da Tarka, gaban Babbar Kotun Ikko, ana tuhumarsu da shirya kifar da gwamnati da ƙarfin makami. An yi wata da watanni ana shari'ar a gaban Mai Shari'a George Sowemimo. A watan Satumba, 1963, aka yanke wa Awolowo ɗaurin shekara goma, amma aka sallami Tarka saboda babu isasshiyar shaida a kansa.

A cikin wannan shekara ce aka yanke Jihar Yamma ta Tsakiya daga jikin Jihar Yamma. Wato ƙananan ƙabilun can sun sami abin da suke nema, na Arewa da na Gabas kuwa ko oho, domin jam'iyyun da suke mulkin waɗannan jihohi su ne suke riƙe da Gwamnatin Tarayya. Da Tarka ya ga A.G. ta yi rauni, sai ya juyo gida ya haɗa kai da Malam Aminu Kano, U.M.B.C. da N.E.P.U. da wasu ƙananan jam'iyyu suka kafa gamayyar 'yan ci-gaban Arewa. Wannan gamayya ta shiga babbar ƙungiyar U.P.G.A. tare da N.C.N.C. da A.G. don zaɓen 30 ga Disamba, 1964, zaɓen da ya ƙare cikin ƙauracewa da zargin maguɗi.

ZAMANIN SOJA DA RABA JIHOHI

Ranar 15 ga Janairu, 1966, soja suka yi juyin mulki, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Akintola da manyan hafsoshi 'yan Arewa. Janar Aguiyi-Ironsi ya karɓi mulki, ya rushe jam'iyyu, a watan Mayu kuma ya kafa doka mai lamba 34 wadda ta soke tsarin tarayya. Wannan ya haɗa kan 'yan Arewa, manya da ƙananan ƙabilu, fiye da yadda aka taɓa gani. Ranar 29 ga Yuli aka yi juyin mulki na biyu, Laftanar-Kanar Yakubu Gowon, ɗan ƙabilar Angas daga Lardin Filato, ya zama shugaban ƙasa.

A nan ne al'amura suka juya wa Tarka ta fuskar alheri. Yawancin sojan ƙasa masu riƙe da bindiga 'ya'yan ƙananan ƙabilun Arewa ne, Tibi kuwa suna da yawa a cikinsu, saboda haka muryar yankin ta yi nauyin da ba ta taɓa yi ba. A taron tsarin mulki da aka buɗe a Ikko cikin Satumba, 1966, Tarka yana cikin tawagar Arewa wadda Sir Kashim Ibrahim ya jagoranta. Da farko tawagar ta nemi a yi sassauƙar tarayya, kowace jiha ta ci gashin kanta har da ikon ɓallewa. Ba a yi kwanaki da yawa ba ta sake shawara, ta ce a yi gwamnatin tsakiya mai ƙarfi, a kuma ƙara jihohi. Ƙananan ƙabilu sun san cewa in ƙasa ta wargaje, za su dawwama ƙarƙashin manya ne a kowane yanki.

Ranar 27 ga Mayu, 1967, Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi goma sha biyu, shida daga ciki a Arewa: Arewa maso Yamma, Arewa ta Tsakiya, Kano, Arewa maso Gabas, Binuwai da Filato, da kuma wadda aka sani da Kwara. Bayan kwana uku Ojukwu ya yi shelar ɓallewar Biyafara. Abin da Tarka ya yi shekara goma yana nema, wanda Turawa suka ƙi, majalisa ta ƙi, sai ga shi soja sun yi shi a dare ɗaya, ko da yake ba jiha guda ta tsakiya aka yi kamar yadda U.M.B.C. ta tsara ba.

A watan Yuni aka shigo da farar hula cikin Majalisar Zartaswa ta Tarayya. Awolowo ya zama mataimakin shugaban majalisar kuma Kwamishinan Kuɗi, Malam Aminu Kano ya riƙe sadarwa, Cif Anthony Enahoro ya riƙe watsa labarai, Tarka kuma aka ba shi sufuri. 'Yan hamayyar jiya sun zama gwamnatin yau. Ya riƙe wannan ma'aikata, mai kula da jiragen ƙasa da tashoshin jiragen ruwa, duk tsawon yaƙin basasa, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970. A 1971 aka mai da shi Ma'aikatar Sadarwa.

ZARGI DA MURABUS

A watan Yuli, 1974, wani ɗan kasuwa ɗan jiharsu mai suna Godwin Daboh ya je kotu a Ikko ya yi rantsuwa a rubuce, yana zargin Tarka da cin hanci da amfani da muƙaminsa don tara dukiya. Jaridun Ikko suka ɗauki maganar suka yi ta yayatawa, ɗalibai da ƙungiyoyi suka ce sai ya sauka. Tarka ya musanta zargin, amma matsin ya yi yawa, a watan Agusta ya ajiye aiki. Ba a taɓa yanke masa hukunci a kotu a kan wannan zargi ba, amma tabon ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Ba a jima ba wani ɗan Tibi, Mista Aper Aku, shi ma ya yi irin wannan rantsuwa a kan Gwamnan Jihar Binuwai da Filato, Joseph Gomwalk. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin ramuwar gayya daga ɓangaren Tarka. Gowon ya fito ya wanke gwamnan nasa, aka tsare Aku. Wannan al'amari ya zubar da mutuncin gwamnatin a idon jama'a, balle da aka zo ranar 1 ga Oktoba, 1974, Gowon ya janye alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976. Ranar 29 ga Yuli, 1975, yana taron ƙasashen Afirka a Kampala aka hamɓarar da shi.

Rigimar ta kuma tona wani abu: ƙananan ƙabilun da suka haɗa kai suna neman jiha, da suka samu sai suka fara kallon juna. Mutanen Binuwai suna kukan cewa Jos ta danne su, kamar yadda a da suke kuka da Kaduna. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Janar Murtala Muhammed ya ƙara jihohi suka zama goma sha tara, aka raba Binuwai da Filato, Makurɗi ta zama hedkwatar sabuwar Jihar Binuwai, Kanar Abdullahi Shelleng ya zama gwamnanta na farko.

KOMAWARSA SIYASA DA ZAMA SANATA

Da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ɗage takunkumin siyasa a watan Satumba, 1978, mutane da yawa sun zaci Tarka zai koma wajen tsohon maigidansa Awolowo, wanda ya kafa U.P.N., ko kuwa wajen Malam Aminu Kano. Sai ga shi cikin waɗanda suka kafa N.P.N., kafaɗa da kafaɗa da irin su Makaman Bida Alhaji Aliyu da Alhaji Shehu Shagari da Alhaji Maitama Sule, wato jiga-jigan tsohuwar N.P.C. Masu sukarsa suka ce ya ci amanar gwagwarmayar da aka zubar da jini a kanta. Magoya bayansa kuwa suka ce abin da aka yi faɗa dominsa, wato jiha, ya riga ya samu, kuma Tibi sun ɗanɗana kuɗar zaman hamayya shekara da shekaru ba hanya ba asibiti, lokaci ya yi da za su zauna inda ake rabo. Wasu tsofaffin abokan tafiyarsa ba su bi shi ba. Mista Solomon Lar na Filato da Mista Paul Unongo, wanda shi ma ɗan Tibi ne, jam'iyyar N.P.P. suka shiga.

A babban taron N.P.N. da aka yi a Ikko cikin Disamba, 1978, mutum shida 'yan Arewa suka nemi a tsayar da su takarar shugaban ƙasa: Shagari, Maitama Sule, Malam Adamu Ciroma, Dokta Olusola Saraki, Farfesa Iya Abubakar, da Tarka. Shagari ne ya zo na ɗaya, sauran suka janye masa. Tarka bai yi fushi ya fice ba, sai ya koma gida ya nemi kujerar Majalisar Dattijai.

Tsarin mulkin 1979 irin na Amurka ne, mai shugaban ƙasa mai cikakken iko da majalisu biyu. Kowace jiha, babba ko ƙarama, tana da sanatoci biyar, jimla 95. Wannan daidaito shi ne irin kariyar da ƙananan ƙabilu suka daɗe suna nema, domin a wannan zaure Binuwai da Kano ƙarfinsu ɗaya. A zaɓen 7 ga Yuli, 1979, N.P.N. ta sami kujeru 36, U.P.N. 28, N.P.P. 16, G.N.P.P. 8, P.R.P. kuma 7. Tarka ya ci tasa kujerar, ɗansa Simeon ya ci ta Majalisar Wakilai, Aper Aku kuma ya zama Gwamnan Binuwai. A zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga Agusta, Binuwai tana cikin jihohin da suka fi ba Shagari ƙuri'a. Ƙasar da aka ƙone gidajen 'yan N.P.C. a 1960 ita ce ta zama ɗaya daga ginshiƙan N.P.N., ba don komai ba sai don Tarka ya nuna musu nan za a bi. Maƙwabciyarta Filato kuwa Solomon Lar ta zaɓa.

Da yake N.P.N. ba ta da rinjaye ita kaɗai, sai ta ƙulla yarjejeniya da N.P.P. Dokta Joseph Wayas ya zama Shugaban Majalisar Dattijai, Mista John Wash Pam na N.P.P. ya zama mataimakinsa, Dokta Saraki ya zama jagoran majalisa. Tarka aka ba shugabancin kwamitin kuɗi da kasafi, wanda yake cikin kwamitoci mafi nauyi, tun da a sabon tsarin shugaban ƙasa ba shi da ikon kashe ko kwabo sai majalisa ta amince. Amma rashin lafiya bai bar shi ya yi wani dogon aiki a nan ba. Aka fita da shi Ingila neman magani, can rai ya yi halinsa. Aka kawo gawarsa gida aka binne a Gboko.

ABIN DA YA BARI

Bayan rasuwarsa an ci gaba da yanka jihohi. An yi Kogi da Taraba a 1991, an yi Nasarawa a 1996, adadin jihohi ya kai 36. An sa sunansa ga wata ƙaramar hukuma a Jihar Binuwai mai hedkwata a Wannune, daga baya kuma aka sa wa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Makurɗi sunansa.

Har yanzu ra'ayi bai zo ɗaya a kansa ba. Wasu suna ganinsa gwarzon da ya hana a haɗiye ƙananan ƙabilu, wanda kuma tsayawarsa da ta irinsa a 1966 da 1967 ta taimaka ƙasar ba ta wargaje ba. Wasu kuma ba su manta da jinin da aka zubar a 1964 ba, ko zargin 1974, ko sauyin sheƙar 1978. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, tambayar da ya tayar tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wato yaya ƙarami zai zauna da babba a ƙasa ɗaya ba tare da tsoro ba, raba jihohi bai gama amsa ta ba. Kowace sabuwar jiha da aka yi, sai an sami waɗanda suka zama 'yan tsiraru a cikinta, har a Binuwai ɗin kanta, inda Tibi suka zama masu rinjaye, Idoma da Igede kuma suke irin kukan da Tarka ya yi wa Kaduna. Darasin da shugabanni za su ɗauka daga rayuwarsa shi ne, duk wanda ya sami rinjaye ya tuna da lokacin da shi ne yake kuka.